An Rubuta "BPA Free" a Jikin Fida: Shi Ke Nan An Tsira?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da ƙaramin shagon kayan jarirai, kuma ni ma goyo nake yi, yarinyata wata bakwai. Yawancin fidar da nake sarowa an rubuta "BPA Free" a jiki, wasu kuma babu rubutun. Wata mai saye ta ce min a Turai an hana irin waɗannan robobi saboda suna da guba. Gaskiya ne? Wace doka ce ta hana, kuma idan na ga rubutun nan hankalina ya kwanta? Kayan wasan roba fa, waɗanda yara ke kaiwa baki?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya raya yarinya, ya sa albarka a kasuwa. Na ji daɗi da tambayar nan ta fito daga mai shago, domin uwa fida ɗaya ko biyu take saya, amma abin da kika zaɓa a wajen sari shi ne zai shiga bakin yaran unguwa guda.

Mai sayen nan ta faɗi gaskiya, sai dai maganar tana buƙatar gyara. A Turai ba a hana roba ba, wasu sinadarai da ake haɗa roba da su ne aka hana. Shi kuma rubutun da kike gani, ma'anarsa babu sinadarin BPA a ciki, kuma ko da gaskiya aka rubuta, sinadari ɗaya tak yake magana a kai. Bai ce komai game da sauran ba, sauran kuwa suna da yawa.

Roba ba abu ɗaya ba ce. Akwai uwar robar, wadda ake samu daga man fetur ko iskar gas, sannan akwai abubuwan da ake zuba mata: mai sa ta laushi, mai sa ta jure zafi da rana, mai ba ta launi, mai hana ta kamawa da wuta. A 2023 hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto cewa sinadaran da ke da alaƙa da roba sun haura 13,000, kuma fiye da 3,200 daga cikinsu an san suna da wata illa. Da yawa daga abubuwan ƙarin nan ba su manne da uwar robar ba. Zaune kawai suke a cikinta, kamar yadda mai ke zama a jikin ƙuliƙuli, a hankali suna tsattsafowa. Zafi yana gaggauta fitowarsu, haka maiƙo, haka tsami, haka yawu da tauna, haka tsufan robar.

Za ki iya cewa ai mu ma manya muna cin abinci a roba, me ya sa ake ware jarirai? Jariri yakan sha madara kimanin mililita 150 a kan kowane kilo na nauyinsa a rana. Da babban mutum mai kilo 70 zai sha daidai haka, sai ya shanye fiye da lita 10. Saboda haka ɗan abin da ya narke a cikin madara, a jikin jariri ba kaɗan ba ne. Hantarsa da ƙodarsa ba su gama ƙwari ba, ba sa fitar da baƙon abu da sauri kamar namu. Komai ya samu baki yake kaiwa. Babban dalilin kuma shi ne jikinsa ana kan gina shi ne. Akwai sinadaran da jiki ke yi da kansa, homon, waɗanda su ne 'yan aiken da ke gaya wa ƙwaƙwalwa da gaɓoɓin haihuwa lokacin da za su girma da yadda za su girma. Ɗan mitsitsi ne daga cikinsu ke yin wannan aiki. Idan wani baƙon sinadari ya shigo yana kwaikwayon ɗan aiken, ko yana tare masa hanya, ba za a ga yaro ya faɗi yana amai ba. Illar, idan ta zo, sai bayan shekaru za ta bayyana, lokacin da babu mai tuna wace fida aka ba shi. Wannan ne ya sa doka ta daɗe ba ta motsa ba.

Shi BPA, cikakken sunansa bisfenol A, tsohon sinadari ne. Wani masani ɗan Rasha, Aleksanda Diyanin, ya fara haɗa shi a 1891. A shekarun 1930 wani likita a Ingila, Edwad Dods, ya nuna cewa yana aiki a jiki irin na homon ɗin mata. Wato an san halinsa tun kafin a fara yin roba da shi. A shekarun 1950 aka gano cewa idan aka sarƙa shi ana samun roba mai tauri, garau kamar gilashi, wadda ba ta fashewa, ita ce polikabonet. Da ita aka yi ta yin fida shekara da shekaru. Ana kuma shafe cikin gwangwanin abinci da wani abu da aka yi da shi.

Abin da ya tayar da maganar ya faru ne bisa kuskure. A 1998 wata mai bincike a jami'ar Case Western Reserve da ke Amurka, Patirisha Hant, tana nazarin ƙwayayen haihuwar ɓeraye mata. Kwatsam sai ta ga ɓerayenta masu lafiya, waɗanda ba a yi musu komai ba, ƙwayayensu sun fara lalacewa, daga kashi 1 ko 2 cikin ɗari zuwa kusan kashi 40. Aka bi sawu, sai aka tarar wani ma'aikaci ya wanke kejin ɓerayen da robobin ruwansu da wani sabulu mai ƙarfi wanda ba na wannan aikin ba. Sabulun ya cinye fuskar polikabonet ɗin, BPA ya riƙa zuba cikin ruwan da suke sha. Ki lura da abin da ya jawo: wanki mai tsanani da roba da ta fara lalacewa, abin da ke faruwa da fida a kowane gida. Bayan 'yan shekaru hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta gwada fitsarin mutum 2,517 masu shekara 6 zuwa sama, ta samu alamar BPA a kashi 93 cikin ɗari.

Kanada ce ta fara. A 2008 ta sanar da aniyarta, a 2010 ta hana fidar polikabonet. Tarayyar Turai ta hana ƙera ta daga watan Maris na 2011, ta hana sayarwa daga watan Yuni. Ƙasar Sin da Afirka ta Kudu su ma sun hana a 2011. Faransa ta ƙara gaba, a 2015 ta hana BPA a duk wani mazubin abinci. Ita Amurka hanyarta daban ce, kuma yana da kyau ki san ta. A 2012 hukumar abinci da magunguna ta ƙasar ta cire BPA daga jerin abin da aka yarda a yi fida da kofin yara da shi, amma ba ta ce don yana da illa ba. Ƙungiyar masu masana'antar sinadarai ce da kanta ta nemi a cire, bisa dalilin cewa kamfanoni sun riga sun daina amfani da shi, tunda iyaye sun daina saye kuma manyan kantuna sun daina karɓa. Iyaye mata ne suka riga doka a can.

Ba zan ɓoye miki ba, masana ba su haɗu a kan magana ɗaya ba. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka har yanzu matsayinta shi ne ɗan BPA da ake samu a abinci bai kai ya cutar ba. Hukumar kula da lafiyar abinci ta Turai kuwa ta yi ta saukowa. A 2006 ta ce mutum zai iya ɗaukar maikirogiram 50 (maikirogiram ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram) a kan kowane kilo na nauyinsa a rana ba tare da matsala ba. A 2015 ta mayar da shi 4. A watan Afrilu na 2023 ta mayar da shi nanogiram 0.2 (nanogiram dubu ne ke yin maikirogiram ɗaya), wato ƙasa da na 2015 sau 20,000, saboda abin da ta gani na taɓa garkuwar jiki. Hukumar tantance haɗari ta Jamus da hukumar magunguna ta Turai sun ce an tsananta. Duk da haka Tarayyar Turai ta kafa doka, wadda ta fara aiki a watan Janairu na 2025, ta hana BPA a kayan da ke taɓa abinci baki ɗaya, tare da ba kamfanoni wa'adin sauyawa. Ni ra'ayina a nan a fili yake. Idan ma'aunin da ake cewa babu haɗari ya yi ta raguwa duk lokacin da aka sake dubawa, kuma akwai abin da zai maye gurbin sinadarin cikin sauƙi, babu dalilin da zai sa a bar shi a bakin jariri ana jiran masana su gama muhawara.

Yanzu ga matsalar rubutun. Da aka kori BPA, wasu masana'antu sun ɗauko 'yan'uwansa, BPS da BPF, waɗanda ƙirarsu kusan ɗaya ce da tasa, kuma gwaje-gwaje sun nuna su ma suna kwaikwayon homon. Kayan da aka yi da su za a iya rubuta masa "BPA Free" ba tare da an yi ƙarya ba. An gudu ba a tsira ba ke nan. Shi ya sa sabuwar dokar Turai ta haɗa da sauran dangin bisfenol da aka tabbatar suna da haɗari, ba ta tsaya a kan suna ɗaya ba. Abin da zai kwantar miki da hankali kaɗan shi ne yawancin fidar yanzu da polifurofilin ake yin ta, wadda tun asali ba a haɗa ta da bisfenol. Ita ce mai ɗan duhu-duhu kamar an shafa mata hazo, mai ɗan lanƙwasuwa idan an matsa, a gindinta za ki ga lamba 5 ko haruffan PP. Wadda za ki guda ita ce mai tauri ƙwarai, garau kamar gilashi, mai haruffan PC, sau da yawa tare da lamba 7. Ita lamba 7 ba lallai polikabonet ba ce, tana nufin duk robar da ba ta shiga rukuni shida na farko ba. Lambobin nan kuma an ƙirƙiro su ne a 1988 don masu tara roba su san yadda za su ware ta, ba shaidar lafiya ba ce. Amfaninsu a gare ki kawai su gaya miki irin robar.

Gaskiyar magana, a shagonki fida ba ita ce ta fi damuna ba. Kayan wasa masu laushi sun fi: bebin roba, agwagwar wanka, ƙwallon da ake hurawa, abin cizo na lokacin fitar haƙori, shimfiɗar roba ta hana fitsari. Da yawansu da PVC ake yi, mai lamba 3. PVC a asalinta mai tauri ce, ita ce ta bututun ruwa. Don ta yi laushi ake zuba mata wasu sinadarai masu maiƙo da ake kira talet, kuma ba ɗan kaɗan ake zubawa ba, yakan kai kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari na nauyin kayan. Yaro yana tauna, yawu yana jiƙawa, suna fitowa. A jikin dabbobin gwaji, wasu daga cikinsu, irin su DEHP da DBP, suna rage homon ɗin maza a lokacin da ɗan tayi ke cikin mahaifa, a haifi namiji da matsala a al'aura da maraina. A 2005 wata mai bincike a Amurka, Shana Suwan, ta wallafa nazarin da ya nuna alamar makamancin haka a jarirai maza waɗanda iyayensu mata ke da talet da yawa a jiki lokacin goyon ciki.

Turai ba ta jira wannan nazarin ba ma. A watan Disamba na 1999 ta yi dokar gaggawa ta hana talet iri shida a kayan PVC da aka yi don yaro ɗan ƙasa da shekara 3 ya sa a baki, a 2005 ta mayar da ita dokar dindindin. Iyakar da aka sa ita ce kashi 0.1 cikin ɗari na nauyin robar. Ki kwatanta da kashi 30 da ake buƙata kafin roba ta yi laushi, za ki ga iyakar nan hani ce gaba ɗaya, an bar ɗan gurbin ne kawai saboda abin da ka iya shiga bisa kuskure.

Amurka sai da abu ya faru. A 2007 aka yi ta janye kayan wasa daga kasuwa. Kamfanin Mattel ya janye kusan guda miliyan ɗaya a Amurka kaɗai a farkon watan Agusta saboda fentin da ke da dalma, daga baya ya biya tarar dala miliyan 2.3. A watan Nuwamba kuma aka janye wasu duwatsun wasa na roba masu suna Aqua Dots, guda miliyan 4.2, bayan yara sun haɗiye sun suma. Abin da aka gano shi ne masana'antar da aka ba aikin ta sauya sinadarin da aka ce ta shafa musu da wani mai araha, wanda idan ya shiga ciki yake rikiɗewa ya zama maganin sa maye mai kwantar da mutum. Wannan labarin yana nuna inda ɓarna take shigowa. Mai kaya ya rubuta abu mai kyau a takarda, wanda ya karɓi kwangila ya sauya don ya rage kuɗi, babu wanda ya gwada.

Daga nan majalisar Amurka ta yi dokar inganta lafiyar kayan masarufi, Shugaba Bush ya sa hannu a watan Agusta na 2008. Ta rage dalmar da aka yarda a samu a jikin kayan yara mataki-mataki, daga kashi 600 cikin miliyan zuwa 300 zuwa 100 a 2011, a fenti kuma 90. Ta hana talet, kuma a 2017 aka tsayar da jerin a kan iri takwas. Amma a ganina ƙarfin dokar ba a lambobin yake ba. Ta wajabta cewa duk kayan da aka yi don yaro ɗan shekara 12 zuwa ƙasa sai an kai shi ɗakin gwaji mai zaman kansa wanda hukuma ta amince da shi, sai mai shigo da kaya ya ba da takardar shaida, sannan sai an buga alama a jikin kayan da ke nuna wanda ya yi, inda aka yi, da lokacin da aka yi. Idan an samu matsala, an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa, an san kuma waɗanne kwalaye za a janye. Iyaka ba tare da gwaji ba rubutu ce kawai a takarda.

Ita dalma ba sai na yi miki dogon bayani ba. Mun ga abin da ta yi a Zamfara a 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda yara aƙalla 400 suka rasu. Can daga dutsen zinariya ta fito kuma da yawa ƙwarai. Ta kayan wasa kaɗan ce, tana shigowa ta fenti mai haske, ko ta sinadarin da ake sa wa PVC don ta jure zafi. Ba ta kisa nan take, amma tana rage kaifin ƙwaƙwalwa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadi na dalma a jinin yaro da aka san ba ya cutarwa.

Akwai kuma wata hanya da mutane ba su cika sani ba. Jikin tsohuwar talabijin da kwamfuta ana zuba masa sinadaran hana kamawa da wuta. An sa wasu daga cikinsu a jerin haramtattu na yarjejeniyar Istokholm, ta ƙasashen duniya kan sinadarai masu guba, a 2009, wani kuma a 2017, saboda ba sa ruɓewa, suna taruwa a jiki har su fito a ruwan nono. Amma tsofaffin kayan suna nan. Ana niƙa su, a narka, a yi sabuwar roba mai araha, yawanci baƙa, a yi motar wasa da abin ɗaure gashi da ita. Ƙungiyoyin da suka sayi kayan wasa a kasuwannin ƙasashe da dama suka gwada sun yi ta samun waɗannan sinadarai a ciki. Babu wanda ya zuba su da gangan, gadonsu robar ta yi.

To me ya hana a hana su duka lokaci ɗaya? Tushen maganar shi ne a kan wa nauyin kawo hujja yake. Da Amurka ta yi dokar sinadarai a 1976, sinadarai kusan 62,000 da ke kasuwa a lokacin an bar su sun wuce ba tare da gwaji ba, hukuma ce za ta tabbatar da illa kafin ta hana. Tabbatar da illar da ke bayyana bayan shekara ashirin, a jikin mutumin da ya haɗu da sinadarai ɗari a lokaci guda, aiki ne mai wuyar gaske, kuma babu mai yarda a yi gwaji da jarirai. Sai 2016 aka gyara dokar. Turai ta juya al'amarin a 2007 da dokar REACH: kamfani ne zai kawo bayanan sinadarinsa kafin ya sayar. Ko a can ɗin an fi bin sinadarai ɗaya bayan ɗaya, a hana wannan, a ɗauko ƙaninsa, a sake shekara goma ana nazari. Sabuwar dokar kayan wasa da Turai ta amince da ita a 2025 ta fara gyara wannan, tana hana rukuni guda, kamar masu rikita homon, a maimakon suna ɗaya ɗaya. Ni wannan nake goyon baya. Yunƙurin yin yarjejeniyar duniya a kan roba, wanda aka fara a Nairobi a 2022, ya watse ba a cimma matsaya ba a taron Busan ta Koriya ta Kudu a ƙarshen 2024, haka ma a na Janeba ta Suwizalan a watan Agusta na 2025, kuma batun sinadarai na cikin abin da aka kasa daidaitawa a kai.

Abin da ya shafe ki kai tsaye shi ne wannan: doka tana bin kasuwar da za a sayar da kaya ne, ba ta bin masana'antar da aka yi shi. Masana'anta ɗaya za ta iya yin bebin roba iri biyu, wadda za ta Jamus da sinadari mai tsada da takardar gwaji, wadda za ta inda ba a tambaya da mai araha. Don haka ba batun a ce kayan ƙasa kaza ba su da kyau ba ne, batun wane ne ya yi oda kuma me ya nema. A Najeriya hukumar SON ce ke da alhakin ingancin kaya, tana da tsarin SONCAP na kayan da ake shigowa da su da MANCAP na waɗanda ake yi a gida, NAFDAC kuma tana kula da abinci da magunguna da sinadarai. Sai dai duk wanda ya san kasuwa ya san kayan wasa da yawa a buhu suke zuwa, babu kwali, babu sunan kamfani. Alamar CE da kike gani ma, a yawancin kayan wasa mai kaya ne da kansa yake bugawa yana iƙirarin ya bi ƙa'idar Turai, kuma buga ta a jikin jabu ba ya cin ko sisi. Akwai na'urar hannu da ake haska wa kaya ta nuna dalma da sinadaran hana wuta cikin ƙasa da minti ɗaya. Da ana yawo da irinta a tashar jiragen ruwa da manyan kasuwannin sari, ana kuma bayyana sunan kayan da suka faɗi, da dillalai da kansu sun fara tambayar takarda kafin su yi oda. Talet da bisfenol kuwa sai an kai ɗakin gwaji.

A wajen sari, ki fifita kayan da ke da sunan kamfani da adireshi da lambar rukunin da aka yi su, ko da ribar ta ragu. Ki tambayi dila takardar gwaji. Wataƙila ya yi mamaki a karon farko, amma idan ku goma kuka tambaya zai nemo. Duk abin wasa mai laushi da kika buɗe leda wari mai ƙarfi ya buge ki, ko kika ji yana danƙo ko maiƙo a hannu, ki bar shi. Haka wanda fentinsa ke fita idan kin kankara da farce, haka baƙar roba mai arha marar suna. Abin cizo da kan fida ki nemi na silikon, wani abu mai laushi kamar roba wanda ba PVC ba ne. Kayan wasan gwanjo da tsohuwar fidar da aka gada daga yayye suna iya kasancewa an yi su kafin duk dokokin nan, kada ki ɗauka don daga Turai suka zo sun tsira.

A gida kuma babban abokin gabarki zafi ne. A 2020 masu bincike a wata jami'a a Dabilin ta ƙasar Ayilan suka nuna cewa ko fidar polifurofilin, idan aka zuba mata ruwa mai zafi aka girgiza, tana sakin ɓurɓushin roba da ido ba ya gani, har miliyoyi a lita ɗaya, kuma yawan zafi yawan ɓurɓushi. Kada wannan ya sa ki daina tafasa ruwa ko dafa fida. Gudawa tana kashe jarirai a yau ɗin nan, kuma madarar gwangwani tana buƙatar ruwan da zafinsa bai gaza digiri 70 ba don kashe ƙwayoyin cuta. Abin yi shi ne ki dama madarar a kofin silba ko na gilashi mai tsabta, ki bari ta huce, sannan ki juye. Bayan kin dafa fida ki ɗauraye ta da ruwan da aka tafasa ya huce. Wadda ta yi zane-zane a ciki ko ta dushe, ki jefar. Koko da kunu mai zafi kada a ƙulla wa yaro a leda, kada kuma a zuba a kwanon melamin, irin farantan nan masu tauri masu zanen furanni, sai sun huce.

Yarinyarki ta kai wata bakwai, don haka ba ta ma buƙatar fida sosai. Ki ci gaba da ba ta nono, kunu da ruwa kuma ki koya mata sha da ƙaramin kofi da cokali. Ma'aikatan lafiya sun daɗe suna fifita kofi a kan fida saboda ya fi sauƙin wankewa, babu lungun da datti zai maƙale. Kofin silba ɗaya zai yi mata har ta girma, kuma idan iyaye suka zo sayen kayan barka ko na suna, ki ajiye shi a gaban kanta inda za su fara gani.